Alfalfa a gonar rani: yadda ake lissafin girmanta da yawan amfaninta tun kafin a zuba iri

Duk mai kiwon turke a Kano da Jigawa ya san lokacin da harawa ke fi ƙarfin aljihu. Daga Maris zuwa saukar damina damin harawar wake yana ƙanƙancewa, kuɗinsa yana hawa, masu shanun madara da masu ragunan layya suna bin kasuwannin Wudil da Maigatari da lissafin dusa da kowa a ka. Wannan ne ya sa sunan alfalfa ya fara yawo a bakin manoman rani. Ciyawa ce dangin wake, furotin ɗinta yakan kai kashi 18 zuwa 22 cikin ɗari idan an yanke ta a kan kari, ana shuka ta sau ɗaya a yi ta yanka har shekaru. Ana kuma ambato tan 15 zuwa 20 na busasshiyar ciyawa a hekta a shekara, kuma ba ƙarya ba ne, ana samun haka a wuraren ban ruwa irin kudancin Kalifoniya a Amurka.

Sai dai gonar Kura ba Kalifoniya ba ce, ta Auyo ma haka. Abin da mai zuba kuɗi yake buƙatar sani shi ne: a ƙasata, da zafinmu, da ruwan da nake iya samu, tan nawa zan yanka a kowane zagaye, kuma ruwa nawa zai ci? Domin amsa wannan aka ƙirƙiro manhajojin kwaikwayon tsiro, waɗanda ke bin shuka kwana-kwana a kwamfuta suna lissafa abin da ta sha da abin da ta ƙaru. An fara yi wa alfalfa irin wannan tun shekarun 1970 da SIMED a jami'ar Purdue, sai ALSIM a jami'ar Cornell. Yau waɗanda aka fi amfani da su su ne APSIM ta Ostareliya, da DSSAT, da AquaCrop ta hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wadda a 2022 aka ƙara mata sashen ciyawar da ake yanka ta sake tohowa. Sunayen sun bambanta, amma duk littafi uku suke riƙewa: na zafi, na ruwa, da na ajiyar da ke cikin saiwa. Wanda ya gane ukun nan zai iya yin rabin aikin da biro da takarda.

Littafin zafi

Alfalfa tana ƙirga shekarunta da zafin da ta tara. Ana ɗaukar zafin rana mafi tsanani da sanyin dare mafi ƙasa, a haɗa, a raba biyu, a cire digiri 5, domin ƙasa da digiri 5 ba ta girma. Abin da ya rage shi ne rabon wannan ranar. A watan Janairu a Kano, idan rana ta kai 30 dare ya sauka 14, tsakiya 22 ke nan, rabon ranar 17. A Afrilu kuwa, rana 39 dare 25, tsakiya 32, rabon ranar 27. Mu ɗauka, domin misali, irin da aka shuka yana buƙatar tara 500 daga yanka zuwa fara fure. A hunturu zai ɗauki kwana 29 ko 30. A bazara kwana 19 sun isa.

A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka saurin fure alheri ne. Zafi yana gaggauta tsufan shuka ne ba tare da ya ƙara mata jiki ba. Alfalfa ta fi jin daɗi a wajen digiri 25, kuma da zarar an haura 30 girmanta yana raguwa sosai. Dare mai zafi ya fi ɓarna, saboda shuka tana ƙone abincin da ta haɗa da rana wajen numfashi. Shi ya sa a Afrilu da Mayu za ka tarar da ita ta yi fure tana gajeriya, karanta siriri, ganyenta ƙanana. Manhaja mai kyau tana da lissafi biyu daban, ɗaya na saurin tsufa, ɗaya na ƙaruwar nauyi, kuma tana sa wa zafi iyaka ta sama. Wanda ya bar wannan iyaka yadda ta zo daga ƙasashen sanyi zai ga kwamfuta ta ba shi tan masu yawa a bazara, waɗanda ba zai taɓa ɗaurewa a dami ba.

Akwai kuma tsawon yini. Alfalfa ta fi saurin fure idan yini ya yi tsawo, mu kuwa a nan yininmu bai cika wuce awa 11 da ɗoriya zuwa kusan 13 ba duk shekara. Don haka a Disamba da Janairu fure kan iya jinkiri ko ya fito tsilli-tsilli. Mai jiran fure kaɗai zai makara. A duba gindi: idan sabon toho ya fara ɓullowa daga kan saiwa ya kai kamar gaɓar yatsa biyu, lokacin yanka ya yi.

Zaɓin iri ma a nan yake shiga. Ana jera irin alfalfa daga lamba 1 zuwa 11 gwargwadon yadda yake kwanciya barci idan sanyi ya gabato. Masu ƙananan lambobi na ƙasashen ƙanƙara ne, gajeren yini kawai ya isa ya sa su tsaya. Namu shi ne daga 8 zuwa sama, irin CUF 101 mai lamba 9, ko Hijazi da ake nomawa a Sudan. Idan an shigar da bayanin wani iri a manhaja alhali wani daban ne a gona, duk lissafin ya tashi a banza.

Littafin ruwa

Wannan shi ne inda kuɗi yake, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Farkon abin da ake nema shi ne ƙishin iska, wato milimita nawa na ruwa rana da iska da bushewar yanayi za su iya zuƙewa daga fili mai ciyawa a yini guda. Littattafai suna rubuta shi ETo. Ana fitar da shi daga zafi, da laimar iska, da gudunta, da hasken rana. A yankinmu, a matsayin abin farawa, ana iya ɗaukar wajen milimita 5 zuwa 6 a hunturu, 7 zuwa 8 a tsakiyar bazara, ya sauka idan damina ta kankama.

Sai a ninka shi da wani adadi da ke nuna yadda ganye ya rufe ƙasa. Jadawalin FAO na 1998 ya ba alfalfa 0.40 daidai bayan yanka, ya hau zuwa 1.20 idan ta rufe ƙasa ruf, matsakaicin zagayen duka kuma 0.95. Ma'ana, a makon farko bayan lauje ya bi ta, ruwan da take sha bai kai rabin na makon ƙarshe ba. Mai ba da ruwa iri ɗaya duk mako yana ambaliya a farko, yana ƙishirwa a ƙarshe.

Ƙasa ita ce randar. Ƙasar jigawa mai ɗan laka takan riƙe wajen milimita 110 na ruwan da shuka ke iya zuƙa a kowace mita ta zurfi, rairayi zalla bai kai haka ba, laka ta fi. Idan saiwa ta kai mita ɗaya, randar milimita 110 ce. Ba a barin ta ta ƙafe. Idan an sha kashi 55 cikin ɗari, wato kusan milimita 60, shuka ta fara wahala. A Janairu, 5.5 sau 1.2 ya ba da 6.6 a yini, randar za ta kai kwana tara. A Afrilu, 7.5 sau 1.2 ya zama 9 a yini, kuma idan zuƙa ta yi tsanani haka shuka kan fara wahala tun an sha kashi 40, wato milimita 44. Kwana biyar ke nan tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Wanda layin ruwansa a kanal ke zuwa sau ɗaya a mako ya riga ya san matsayinsa.

A mayar da shi lissafin inji. Milimita ɗaya a hekta guda lita 10,000 ce, wato kubik mita 10. Domin milimita 60 su shiga saiwa ta hanyar kwararo a fangali, inda abin da ke amfani bai cika wuce kashi 60 ba, sai an ɗebo milimita 100, kubik mita 1,000. Injin inci uku da ke fitar da kubik mita 35 a awa zai yi awa 28 zuwa 29 yana aiki a kan hekta ɗaya, a ban ruwa ɗaya. Kowa ya ninka da man da injinsa ke sha da farashin lita a garinsu. A shekara kuwa FAO ta ƙiyasta buƙatar alfalfa tsakanin milimita 800 da 1,600, kuma wuri mai zafi da ake yanka duk shekara yana can gefen sama. Saudiyya ta ɗanɗana wannan: yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sa ta hana manyan gonaki noman koren ciyawa daga ƙarshen 2018, ta koma saye daga waje. Duk mai shirin noma ta da rijiyar burtsatse ya kamata ya riƙe wannan a zuciya.

Yanzu yadda ruwa ke zama ciyawa. AquaCrop tana raba ruwan da ya fita ta ganye daga wanda ya tashi daga ƙasa tsirara, domin na ganye kaɗai ke haifar da nauyi. Kowace rana tana ɗaukar ruwan da ganye ya fitar, ta raba shi da ƙishin iskar ranar, ta tara, ta ninka da kusan giram 15 a kowace murabba'in mita. Mu ce matsakaicin rabon 0.75 ne. Zagayen kwana 30 na hunturu: 30 sau 0.75 sau 15, giram 337, wato tan 3.4 a hekta. Zagayen kwana 22 na bazara: giram 248, tan 2.5, tun ma ba a cire ɓarnar zafi ba. Ruwan da aka sha fa? Na farko 0.95 sau 5.5 sau 30, milimita 157. Na biyu 0.95 sau 7.5 sau 22, milimita 157. Ruwa ɗaya, mai ɗaya, amma bambancin kusan tan guda. Waɗannan lambobi rufin sama ne, na gonar da ba ta rasa komai ba. Abin da ke shiga rumbu yakan yi daidai da kilo 1.5 zuwa 2 na ingirici a kowace kubik mita ta ruwan da gona ta sha.

Idan ruwa ya gaza, asarar kusan kai-da-kai ce. Ƙa'idar FAO ta ba alfalfa 1.1, wato gibin kashi 20 na ruwa yana cin kusan kashi 22 na amfani. Amma tana da wata baiwa da masara ba ta da ita: idan ta kafu sosai aka yanke mata ruwa, takan kwanta ta jira, ta farfaɗo idan ruwa ya dawo. Wannan ya buɗe tambayar da manhaja ta fi dacewa da amsawa. Shin ya fi riba a ci gaba da ƙona mai a Afrilu da Mayu domin yanka mara auki, ko a rage ruwa zuwa abin da zai riƙe ran gindi kawai? A laka mai zurfi ragewar kan iya biya. A rairayi, cikin zafin digiri 40, gindi da yawa kan mutu. A nan ba a yanke hukunci sai an gwada a ɗan fangali.

Ajiyar saiwa

Abin da ya bambanta alfalfa da shinkafa ko alkama a lissafi shi ne ba ta farawa daga iri a kowane zagaye. Bayan yanka ba ta da ganyen da zai haɗa abinci, don haka daga sitaci da naitirojin da ta ɓoye a saiwa take ciyar da sabon toho. Ajiyar tana raguwa mako biyu zuwa uku, har tsiro ya kai kamar santimita 15 zuwa 20, sannan ta fara mayarwa, ta cika a wajen cikar fure. Tamkar adashi ne: ka ɗauka, dole ka zuba. Mai yanka duk kwana 18 saboda dabbobi na kuka yana ɗauka bai zuba ba. Yanka biyu na farko ba zai ga komai ba. A na huɗu toho zai fito a raunane, ƙasa ta fara leƙowa tsakanin gindi, ciyawar banza ta samu ƙofa.

Saboda haka ake son yanka idan kusan kashi 10 na karan sun yi fure, a bar dungu na santimita 5 zuwa 7, kuma aƙalla sau ɗaya a shekara a ƙyale ta ta yi fure sosai. Manhajar da ba ta riƙe wannan littafi ba za ta nuna shekara ta uku daidai da ta farko, abin da ba ya faruwa a ƙasa mai zafi.

Ana iya ganin ajiyar da ido. A haƙo gindi biyar da zurfin taƙi ɗaya, a tsaga saiwar a tsaye da wuƙa. Lafiyayyiya fara ce tas ko ruwan madara, da tauri kamar ɗanyen rogo, kanta cike da ƙananan idanun toho. Wadda ta fara lalacewa za ka ga zare mai ruwan ƙasa ya bi tsakiyarta, ta yi laushi, wani lokaci da wari.

Inda kwamfuta ba ta gani

Babban makashin alfalfa a nan ruwa ne mai yawa. Saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa. A marka, cikin Agusta, fili mai dabaro ko wanda ke maƙwabtaka da gonar shinkafa yakan jiƙe har ƙasa, ruɓar saiwa ta shiga. A bazara kuma, idan aka cika fangali ruwa ya kwana a kan sabon dungu rana ta buga, gindi kan dahu cikin yini ɗaya ko biyu. Yawancin manhajoji suna da rauni a wannan fanni, ba sa kashe gindi yadda gona ke kashewa. A kwarin Hadeja, duk inda kacala ta yi kaka-gida alama ce ruwan ƙasa yana kusa, ba wurin alfalfa ba ne komai kyawun lambobin da allo ya nuna. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a ƙarshen Agusta. Idan ruwa ya taso a ciki har tsakaninsa da fuskar ƙasa bai kai mita ɗaya ba, a nemi wani fili.

Kanwa ma tana da lissafinta: idan gwajin ƙasa ya nuna ma'aunin gishiri daga 2 zuwa sama, kowane ƙarin ɗaya yana rage kusan kashi 7 cikin ɗari na amfani. Ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin tsaminta (pH) bai kai 6.5 ba, tana hana ƙananan ƙwayoyin halittar da ke zama a saiwa suna samar wa shuka naitirojin yin aikinsu. Su waɗannan ƙwayoyin na alfalfa daban suke da na wake da gyaɗa, kuma ba a sa ran samunsu a ƙasar da ba a taɓa shuka ta ba, don haka sai an cuɗa iri da garinsu a inuwa a shuka a ranar. Manhaja tana ɗauka an yi wannan. Idan ba a yi ba, ganye zai yi rawaya, manomi ya ɗauka yuriya ce ta gaza. Bayan mako shida a tuge tsiro a hankali, a matse ƙullutun da ke jikin saiwa: mai aiki cikinsa ja-ja ne.

Haka batun taki. Kowane tan na busasshiyar alfalfa yana kwashe kusan kilo 6 na fosfet da kilo 25 na fotash. Tan 15 ya zama kilo 90 da kilo 375, wato wajen buhu 10 na supa da buhu 12 zuwa 13 na jan takin fotash a hekta a shekara, sai abin da ƙasa da takin gargajiya suka rage. Ɗarɓa, da tsutsa, da ɓera, da rufe kanal domin yashe, da akuyar maƙwabci, duk ba sa cikin lissafi.

Daidaita lissafi da gonar gaske

Ba a yarda da manhaja sai an auna ta da sikeli. Bayanan yanayi ana samunsu daga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ko kyauta daga shafin NASA POWER, sai dai na biyun yana ba da matsakaicin fili mai faɗin kilomita kusan 50, kuma ƙurar hunturu kan rage hasken da ke isa ganye. Zafi ana iya dogara da shi, ruwan sama kuwa a kafa ma'auni a gonar. Gwajin ƙasa a kai ɗakin bincike, a ɗebo daga zurfi uku har mita ɗaya. Cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da tashar binciken ban ruwa ta IAR a Kadawa, da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, wurare ne da ake samun masu wannan sani.

A kowane yanka, a haɗa katako huɗu su ba da murabba'in mita ɗaya, a jefa shi wuri biyar ba tare da zaɓen inda ya fi kyau ba, a kauce wa bakin fangali. A yanke abin da ke ciki a tsayin da aka saba, a auna nan take kafin rana ta taɓa shi. A ware giram 500, a busar har nauyi ya daina sauka. A ɗakin bincike awa 48 ne a zafin digiri 60 zuwa 65. Idan ɗanye ya ba da kilo 1.2 a mita, busasshe kuma kashi 22, giram 264 ke nan, tan 2.6 a hekta. A rubuta ranar yanka, da tsayi, da ranar fara fure, da awannin inji. A ƙirga kara ma: sama da 590 a murabba'in mita gona a cike take, ƙasa da 430 ta fara gazawa.

Ana gyara manhaja bi da bi: ranar fure tukuna, sai saurin rufe ƙasa, sai ruwa, nauyi a ƙarshe. Wanda ya fara da murɗa lambar nauyi domin ta dace zai samu amsa daidai bisa dalili mara daidai, kuma shekara mai zuwa za ta tona shi. Bayanan shekarar farko na gyara ne, na shekara ta biyu na jarrabawa, ba a haɗa su. Shekarar farko ma daban take: ana shuka a Nuwamba da kilo 15 zuwa 25 a hekta, zurfin da bai wuce santimita ɗaya da rabi ba saboda ƙanƙantar iri, yankan farko sai bayan kwana 60 zuwa 70, saiwa kuma ba ta kai mita ba, don haka randar ƙarama ce, ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai.

Abin da manhaja ke bayarwa nauyin ciyawa ne tana tsaye. Tsakanin nan da bakin saniya akwai wata asarar. Kusan kashi 70 na furotin a ganye yake, ganyen kuma da ya bushe ƙarau sai ya kakkaɓe. A iskar hunturu kwana biyu sun isa shanya. A juya a kuma ɗaure da sassafe kafin rana ta ɗaga, laima ta sauka ƙasa da kashi 18 kafin a jibge, in ba haka ba ta yi zafi ta yi fumfuna. A damina shanya kan gagara, sai a ciyar da ita bayan ta yi yaushi na wasu awanni, a fara ba dabba kara ko busasshiyar ciyawa tukuna, domin ɗanyar alfalfa a cikin da babu komai tana kawo kumburin ciki mai kisa cikin awa kaɗan. A lissafin riba, a cire aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na abin da sikeli ya nuna a gona kafin a ninka da farashin dami.